Hannun Likita Shi Ne Gonarsa

Sanin kowa ne cewa manomi in ya kwanta ciwo gonarsa tana nan, 'ya'yansa ko 'yan gayya sa nome masa ita. Haka nan ɗan kasuwa, ƙanensa na iya zama masa a rumfa. Amma likita, musamman mai fiɗa, jarinsa duka a jikinsa yake, wato ido mai gani da hannun da ba ya rawa. Ranar da ɗayansu ya kasa, shekarun da ya ɓatar wajen karatu ba su ciyar da iyalinsa.

Alal misali, a ɗauki likitan da ya shekara 15 yana fiɗa, sai makyarkyata ta kama masa hannun dama. Hankalinsa garau, iliminsa bai ragu ba, amma wuƙa ta haramta gare shi. Ga yara a makaranta, ga iyaye da dangi da suka ɗora masa kai. Mutuwa tana da ta'aziyya da gado, naƙasa kuwa sai sannu.

Saboda irin wannan ne likitocin Amurka ke sayen inshorar naƙasa tun suna ƙuruciya. Mutum zai riƙa zuba kuɗi, in ya kasa aiki a biya shi wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da yake samu, galibi bayan jiran kwana 90, har ya kai shekara 65 ko 67. Sai dai gizon yana saƙa ne a wajen ma'anar kalmar naƙasa. Wata yarjejeniyar takan biya da zarar likita ya kasa sana'ar da ya ƙware a kanta, ko da ya koma koyarwa. Wata kuwa ba ta biya sai ya kasa kowane aiki da ya dace da iliminsa. A ta farko, mai rawar hannun nan ya tsira. A ta biyu, ana iya ce masa ai bakinsa na motsi, ya je ya duba marasa lafiya.

A Nijeriya akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF. Amma diyyarta ta rauni ce ko cutar da aka samu ta dalilin aiki. Larurar da ba ruwanta da aiki tana waje.

Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Likitan da kullum yake yi wa mutane wa'azin rigakafi, ya kyautu ya zauna ya karanta takardar da za ta riƙe gidansa, kalma bayan kalma, tun hannunsa na iya riƙe alƙalami, domin ba a fafe gora ranar tafiya.