Garkin Jigawa: Inda Sauro Da Sikila Suka Haɗu

Da an ce Garki, yawancinku Abuja za ku tuna. Akwai wata Garkin a Jihar Jigawa, arewa maso gabas da Kano, cikin masarautar Ringim. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, ga gonakin gero da dawa da gyaɗa, ga kuka jefi-jefi. Na je can da damina, lokacin da kududdufai suka cika. Magariba na yi sauro ya fito, kuma wannan sauron ne ya sa sunan garin ya shiga littattafan likitanci na duniya.

Daga 1969 zuwa 1976, lokacin Garki na cikin Jihar Kano, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi wani babban bincike a ƙauyukan yankin kan zazzaɓin cizon sauro. An fesa magani a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, an yi ta gwada jinin jama'a. Zazzaɓin ya ragu, amma da aka daina sai ya dawo. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da jinin ya nuna. Cikin jarirai sabbin haihuwa, kusan 24 cikin 100 AS ne, amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar adadin ya kai kusan 29. Masu SS kuwa kusan 2 cikin 100 ne a haihuwa, kuma kaɗan ƙwarai ke kai wa girma a wancan zamanin.

To, jinin mutum ba ya sauyawa daga AA zuwa AS. Me ya ƙara adadin? Zazzaɓi ya fi kashe yara masu AA, sai masu AS suka fi yawa cikin waɗanda suka rayu. Wannan shi ne zaɓin yanayi da Charles Darwin ya yi bayani a 1859, wanda muke haddacewa don jarrabawa kamar labarin wata ƙasa mai nisa.

Tushen abin ɗan ƙarami ne. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin. Ɗaya daga sarƙoƙinsa na da amino asid 146 a jere, kamar tasbaha. A mai sikila, na shida ne kaɗai ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Idan oksijin ya yi ƙasa, sai himogulobin ɗin ya manne da juna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar laujen da ake yankan ciyawa da shi, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da masu sikila ke kwana da shi daga nan yake.

Mai AS ya gaji A daga ɗaya cikin iyayensa, S daga ɗayan. Yawanci lafiyarsa lau, kuma zazzaɓi mai tsanani bai cika kayar da shi ba, ko da yake yana kamuwa, don haka kada wani ya jefar da gidan sauronsa. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zama SS. A lura, kowane ciki ne. Ba wai idan na fari ya zo da sikila ukun da ke biye sun tsira ba. Ana iya samun huɗu a jere duk SS, ana iya samun huɗu babu ko ɗaya.