Tankin da Ba Ya Hucewa a Lemvig

Garin Lemvig yana yammacin ƙasar Denmak, a bakin ruwan Limfjord, inda iskar teku ba ta hutawa. Da damunarsu ma sai da rigar sanyi, balle lokacin hunturu da ruwa ke ƙanƙara a waje. A irin wannan wuri ne manoman yankin suka haɗa kai a 1992 suka kafa masana'antar da ke mai da kashin dabbobinsu iskar gas. Su ke da ita, su ke kawo mata kaya, gas ɗin kuma yana bi ta bututu zuwa tashar da ke ɗumama gidajen garin.

Da na je masana'antar, na tsaya na ga motar tanka ta shigo rumfar sauke kaya da baya-baya. Direba ya sauko ya jona ƙaton tiyo, ruwan kashin shanu ya kwarara, aka wanke motar tas, sannan aka cika ta da takin da ya riga ya nuna, ta juya gona. Ba ta zuwa fanko, ba ta komawa fanko. Warin bai kai yadda na zata ba, don rumfar a rufe take.

Amma abin da ya fi burge ni yana cikin manyan tankunan da aka naɗe da abin tare zafi. A ciki babu iskar oksijin ko kaɗan, kuma ana riƙe zafin a wajen digiri 52 na ma'aunin Salsiyos, ko ana ƙanƙara a waje ko ana rana. Ƙwayoyin halittar da ke aikin ruɓar sun kasu: wasu suna narka sharar su mai da ita ruwan tsami, wasu kuma su cinye tsamin su fitar da iskar metan, wadda ita ce ke kamawa da wuta, kuma ita ce fiye da rabin gas ɗin. Dangin masu metan ɗin nan suna cikin tumbin saniya, inda zafi ke tsaye a wajen digiri 39, shi ya sa yawancin masana'antun gas na Jamus suke riƙe nasu tankunan kusa da haka. 'Yan Denmak da yawa suka zaɓi su haura 50. A wannan zafin ruɓa tana sauri, kaya ba sa daɗewa a tanki, ƙwayoyin cuta da irin ciyawa suna mutuwa, manomi ya zuba takinsa hankali kwance.

Sai dai saurin yana da tsada. Zafi na ƙaruwa, amoniyar da ke cikin kashin tana ƙara ƙarfi, tana kuma takura wa masu metan. Ga shi ba sa jure canji. In zafin ya yi sama ko ƙasa da digiri biyu ko uku farat ɗaya, sai su yi sanyin jiki, masu tsami kuwa ba ruwansu, su ci gaba da zuba nasu. Tsami ya taru, tanki ya lalace, gas ya ja baya, kuma farfaɗo da shi aikin makonni ne. Don haka ma'aikatan ba sa ɗauke ido daga allon kwamfuta, suna auna zafi da tsami kullum, suna ciyar da tankin kaɗan-kaɗan a kan lokaci. Wannan haƙurin nasu ya shiga raina ƙwarai.

Ko zafin ma ba sa yarda ya tafi a banza. Takin da ke fita da zafinsa yana wucewa ta gefen ruwan kashin da ke shigowa da sanyinsa, ƙarfe ne kawai tsakaninsu, sai mai fita ya bar wa mai shiga ɗuminsa.

Can na tuna da gida. Mu Allah ya ba mu zafin da su suke saye da kuɗi. Tankin da aka binne a ƙasa a Kano ko Maraɗi zai yi aiki yawancin shekara ba tare da an hura masa wuta ba, sai dai daren hunturu yana rage masa kuzari, don ƙasa da digiri 20 gas yana ja da baya sosai. Binne shi da zurfi, da dama kashin da ruwan da ya sha rana kafin a zuba, suna rage wannan matsala, kuma ba su fi ƙarfin mai garke ba.