Ƙaramar Kwaleji Tsani Ce, Ba Zauren Jira Ba

Ranar da sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito babu na ɗansa, wani dattijo tela a Zariya ya rufe shago tun kafin la'asar. Da aka ba yaron gurbi a kwalejin share fagen shiga jami'a, sai uban ya ce shi ba zai sayar da keken ɗinkinsa na biyu don makarantar waɗanda aka ƙi ba. Ƙanensa, tsohon malamin makaranta, shi ya zaunar da shi a soro ya ba shi tarihin irin wannan kwaleji.

Asalinta daga Amurka ne. William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Chicago, ya lura cewa shekaru biyun farko na karatun digiri aza harsashi ne kawai, watau ba dole sai an yi su cikin jami'a ba. Da goyon bayansa aka buɗe ƙaramar kwaleji a garin Joliet na Jihar Illinois cikin 1901, da ɗalibai 6 kacal. Ɗalibi yakan yi shekara 2 kusa da gida, da kuɗi kaɗan, ya sami takardar shaida, sa'an nan ko dai ya kama sana'a ko ya wuce aji uku na jami'a. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ba da shawarar a yawaita su, su zama kwalejojin jama'ar gari.

Ƙanen ya ce, "Yaya, mu ma nan Arewa wannan dabara ce ta rufa mana asiri." Gaskiya ya faɗa. Cikin shekarun 1970, lokacin da makarantun sakandarenmu ba su yaye isassun ɗaliban da za su cika azuzuwan jami'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta riƙa horar da su a makarantarta ta share fage, jihohi kuma suka buɗe kwalejojin fasaha da kimiyya, ana rubuta jarrabawar IJMB, wanda ya ci ya shiga aji biyu kai tsaye. Likitoci da alƙalai da yawa ta wannan ƙofa suka bi.

Amma dattijon ya yi wata tambaya wadda ba ta da sauƙin amsa: in yaron ya gama, wa ya tabbatar masa za a karɓe shi? Nan ne gizo ke saƙar. Tsani ba ya da amfani sai ya jingina da bango. Muddin jami'a ba ta ware gurabe ga waɗanda suka fito daga ƙaramar kwaleji ba, kuma hukuma ta bar ta babu malamai, babu ɗakin gwaje-gwaje, to, ta zama zauren jira, inda ɗan talaka zai ƙarar da shekarunsa da kuɗin ubansa a banza. Saboda haka wajibi ne iyaye su bincika, kafin su biya ko kwabo, wace jami'a ce ta amince da takardar kwalejin.

Washegari 'yan'uwan biyu suka je suka yi wannan bincike. Ran kasuwa aka sayar da keken, yaron kuwa ya ɗauki akwatinsa ya tafi.