Abin da Ke Cikin Kanwa

'Yan uwa, kanwar da ake jefawa a wake ba abu guda ba ce. Akwai sinadarin tirona, akwai gishiri, wani lokacin har da yashi. A foliteknik na koyi yadda ake rarrabe su: a niƙe ta lilis, a haska mata irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi. Kowane sinadari da kusurwar da yake karkatar da hasken, ƙarfin hasken kuma shi ke nuna yawansa. Albert Hull ya bayyana wannan dabarar a Amurka a 1919. Mahaifiyata kuwa da harshe take gwada kanwa kafin ta saro buhu, amma harshe ba ya gaya mata kuɗin yashi nawa ta biya.