Sarakunan Yaƙi Biyu a Gadarif

Wanda ya shiga Gadarif a watan Nuwamba, ƙanshin riɗi ne zai fara yi masa barka da zuwa. Shi ya kai ni a 2022, ko da yake a gida cewa na yi zan je gaishe da Kawu. Ɗan Dawanau ko zumunci ya je sai ya leƙa ma'auni.

Daga Khartum tafiyar kilomita 400 ce da ɗoriya. Ƙasar baƙa ce wuluk, da damina ta riƙe tayar mota kamar danƙo, da rani ta dare har sawu ya iya faɗawa. Tun shekarun 1940 aka fara noman tarakta a Gadambaliya, yamma da gari, shi ya sa gona ɗaya sai ta gajiyar da ido. A kasuwar amfanin gona gwanjo ake yi, riɗi da kintari, dawa da ardab. Dama tun asali kasuwa ce ta haifi garin, Suƙ Abu Sin ake ce masa.

Kasuwa da safe take ci. Da la'asar kuwa a ƙofar gidan Kawu nake zama, gaban ɗakunan ciyawar nan da suke kira guttiya, ana zuba mana jabana mai citta. A nan na tarar da rigimar.

Samarin unguwa ne suka shirya wasan kwaikwayo na hijirar Sarkin Musulmi Attahiru: faɗuwar Sakkwato a Maris 1903, yaƙin Burmi a Yulin shekarar inda Sarkin ya yi shahada, da yadda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin kogi kusa da Sinnar, garin da ke amsa sunansa har yau. Ba al'adar gari ba ce, su suka ƙirƙiro. Watanni huɗu ke nan da rikicin yankin Damazin, inda aka kashe Hausawa aka kuma kira su baƙi, kuma yaran nan da Larabci ya fi Hausa zama a bakinsu suna son a ji yaushe kakanninsu suka zo. Dattawa suka yarda, da sharaɗi ɗaya: ba wanda zai fito a matsayin Sarkin Musulmi, farar tuta za ta tsaya a madadinsa.

To, sai kujerar Sarkin Yaƙi ta zama abin faɗa.

Mutum biyu ke nemanta. Ɗaya mahauci ne, ƙato, in ya yi gyaran murya kaji na watsewa. Hujjarsa takobi: ya sayo na gaske daga maƙeran Kassala, ya ce mai ƙarfe shi ne namiji. Ɗayan ɗan raksha ne siriri, amma shi ya ɗinka lifidi da tsohon bargo da audugar katifa, ya yi kwalkwali da kwanon silba, kuma ya haddace labarin tiryan-tiryan. Kullum sai ya gyara wa mahaucin: "Ba haka ake rataya takobi ba, ya zol, a kafaɗa ne, ba a ƙugu ba." Mahaucin ya ce a kawo ɗan maraƙi a ga wa ya san ƙarfe. Kowa da 'yan korensa. Mako guda ana wannan, ba a samu ko mutum ɗaya da ya yarda ya zama Nasara ba, sai da aka lallaɓa wani yaro da alkawarin hular kwano da usur.

Ɗan Kawu ya nuna mini a waya cewa ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. A birnin Rum, duk shekara wajajen 21 ga Afrilu, magidanta da furfurarsu kan sa sulken sojojin Rumawa su yi jerin gwano. Na kalli hoton na ce, rantsuwa ba kaffara, a cikinsu ma akwai mahauci da ɗan raksha.

Ranar gwaji aka aro dokin karo, wanda bai san komai ba sai jan buhunan dawa. Mahauci ya haye, ya zare takobi, ya yi kirari. Doki ya ji tsawa, ya ɗauka an ce a tafi kasuwa, ya kama hanyar da ya saba. Sai a bakin kwalbati aka tsinci Sarkin Yaƙi, rawani a gabas takalmi a yamma. Ɗan raksha ya yi dariya har da riƙe ciki. Da aka ce to bismilla, ya hau, sai ya tuna yana da fasinja.

Mahaifiyar matar Kawu, da kowa ke kira Iya, tana kan tabarma tana tsintar riɗi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Ku 'yan nan, wa ya faɗa muku a kan doki muka zo?"

Wuri ya yi tsit. Ta ce kakarta ba ta cikin ayarin Mai Wurno ma. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Haɗejiya da niyyar Makka, ta Barno da Wadai da Darfur, a yi noma a nan shekara guda, a yi ƙwadago a can, a ƙara gaba. Da goyo a baya, da ƙwarya a ka. Ta binne 'ya'ya biyu a hanya, kuma ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, a Gadarif guzuri ya ƙare. "Wa zai fito a ita?"

Mahauci ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, ai wannan aikin mata ne."

"Ɗauki buhun can ka kai bakin titi ka dawo, mu gani."

Ya kai. Dawowar ce sai da ya huta sau biyu. A daren aka ƙara fitowa ɗaya a wasan, 'yan mata uku da ƙore a ka suna bin tuta, kuma na ga Kawu ya juya baya yana gyaran rawanin da bai kwance ba.

Ban ga wasan ba, jirgina ya riga shi. Na dai yi alkawarin aiko musu da kwalkwali na gaske daga Kasuwar Kurmi, na kuma saya. Kafin in samu mai tafiya yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba, Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, gidan Kawu kaɗai ya ɗauki iyali huɗu. Iya ta rasu a cikin wannan cunkoson, Allah Ya jiƙanta.

Kwalkwalin yana nan a shagona, saman buhunan riɗi. Watan jiya saƙon murya ya shigo daga ɗan raksha: "Baffa, in za ka aiko, ka rubuta sunana a jiki." Ba a yi awa ɗaya ba na mahauci ya shigo, yana tambaya ko zai shiga babban kai.