Zancen Inuwa da Maƙwabtaka a Mada'in Fahad

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga dattijo malamin allo zuwa ga 'yan'uwa Takari mazauna Jidda, maza da mata. Bayan haka:

Ku sani, Jidda ba ƙasar itace ba ce, ƙasarta gishiri, ruwanta saye. Iyayenmu da suka ƙetaro teku daga Sawakin sun iske ta cikin ganuwa, ana shan ruwan da injin Kindasa ke tacewa, har shekarar 1947 da aka rushe ganuwa, aka kuma jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Fatima. Sa'an nan gari ya miƙe bisa hanyar Makka, mu kuwa muka bi shi sannu sannu har muka sauka Mada'in Fahad.

Wanda ya shiga lungunanmu a wancan zamani ya ga darbejiya ƙofa ƙofa, kai ka ce Katsina ce. Ba wani ya dasa mana ita ba. Mata suka rene ta da ruwan wanke-wanke, a sa'ad da ruwa sai an saya daga motar wayit, ni kuwa tawa da ruwan alwalar almajirai ta girma. Ƙarƙashin inuwar nan aka taru: Bayamane mai kanti, mutumin Buhara mai tanderun tamis, mutanen Barma da Habasha da Somaliya, ga Barebari ga Zabarmawa. Suka koyi cin tsirenmu har suka sa masa suna siriyya. 'Ya'yansu suka zauna tabarma ɗaya da namu, su suna karatu da Hafsu, mu da Warshu, yara suna yi wa juna dariya a kan lafazi, ba wanda ya tashi bai sauke ba sai malalaci.

Ba na ce muku babu ɓacin rai ba. An yi faɗa a kan kwata, an kuma jefe mu da kalmar Takruni da nufin wulaƙanci, mun ji, mun haɗiye. Amma ranar 8 ga Zulhajji 1430, wato 2009, da ambaliya ta ci Kuwaiza, mutane fiye da 100 suka rasu a Jidda, na ga Bayamane ya buɗe ɗakinsa ga tsohuwa Bafulatana har ta samu wurin zama.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwanni masu yawa, Gulail da Betromin da Karantina da Sabil, rusau ya iso har wajenmu. Gida dai ana samun haya, ko da tsada. Abin da ya dame ni yara ne: yaron da ya kai izu 40 ya koma inda ba ya da malami, tsohuwa ta rasu maƙwabtanta na shekara 30 ba su ji ba sai bayan kwana 7.

Saboda haka ina roƙonku abu biyu. Duk wanda ya kwafi wannan takarda, ya rubuta a ƙasanta unguwar da ya sauka da adadin yaransa masu karatu, domin mu san inda za a shimfiɗa tabarma. Wanda kuma ya sami ƙofar gida, ko ta haya ce, ya nemi izinin mai gida ya dasa darbejiya kafin zafi ya shigo. Iri yana wurina, a zo a karɓa bayan la'asar.

Haza wassalam.