Sakatar Jirgi a Filin Reluwe

Har yau in na ji ƙaurin man zurma a wuta, zuciyata Minna take komawa, Minna ta 1985, bayan kwatas ɗin reluwe inda akwai wani filin ƙwallo mai jar ƙasa. A nan na tuƙa jirgin sama ƙafata tana ƙasa.

Kawuna ne ya zo da shi tsaraba daga Ingila da ya je kwas. Jirgin roba ne, shuɗi da rawaya, ƙirar kamfanin Cox na Amurka, samfurin PT-19. Fiffikensa ya ɗan ɗara kamu guda, kuma da robobi aka ɗaure shi a jikin jirgin, don in ya sha ƙasa ya wargaje maimakon ya karye. Kan injin bai fi babban yatsa ba, amma in ya buɗe murya sai ka ce an zuba rina dubu a gwangwani. Mu da iyakarmu motar kara da ta langa-langa, ranar da Kawu ya tayar da shi ko tuwon dare ban iya ci ba.

Ba rediyo a cikin sha'anin. Zare biyu ne masu tsawon kamar mita 10, daga mariƙin da ke hannunka zuwa fiffiken hagu, su shiga wani ɗan ƙarfe mai juyawa wanda ke motsa jelar. Ka karya wuyan hannu sama, jirgi ya hau. Ka sunkuyar, ya nufi ƙasa. Shi yana kewaya kamar dokin injin mazarƙwaila, kai kuwa kana tsakiya kana juyi da shi ta hagu. Sai da na girma na karanta cewa wani Ba'amurke, Jim Walker na birnin Portland, shi ya yaɗa wannan wasa tun 1940 da jirginsa Fireball.

Inda gizo ke saƙa shi ne, injin ba shi da totur. Da ya kama, gudu kawai ya sani har mai ya ƙare. Dole wani ya riƙe jela kai kuma ka je ka ɗauki mariƙi. Mai riƙe mini abokina ne, ɗan maƙwabtanmu Nufawa. Yakan durƙusa, iskar farfela tana watsa masa mai da ƙura a fuska, idonsa a kan hannuna na hagu. Na sauke hannu, ya buɗe yatsunsa. Bai taɓa turawa ba, bai taɓa riga ni ba. Ban san gwaninta ce ba sai da aka yi wa babansa canjin aiki zuwa Kafanchan.

Yaran unguwa kowa na so, ba wanda ya iya. Wani ya jefa shi kamar hoge, wani ya ji ƙara ya arce. Ƙanena kuwa sakinsa ya yi tun ina rabin hanya. Zare ya yi sako-sako, jirgi ya lanƙwaso ya biyo ni, na kwanta rub da ciki, ya je ya dasa hanci a ƙasa. Farfela ta tafi. Saura guda ɗaya tak a kwali.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon fita ne da ya yi ritaya daga shagon gyaran kan jirgi, yana ɗan gyaran keke a ƙofar gida don kada hannu ya mutu. Na kai masa kukana. Ya juya jirgin, ya leƙa jelar, ya ce, "Yaro, tarago da duk nauyinsa ai ƙusa guda ke riƙe shi. Je ka samo mini guntun katako."

"Baba, wane iri?"

"Wanda uwarka ba za ta neme shi ba."

Abin da ya ƙera ko awa guda bai ci ba. Ya kafa kunnuwan ƙarfe biyu a kan katakon, tsakaninsu faɗin yatsa. Ya yanko wayar ƙafar keke ya zura ta cikinsu kamar sakata, ya lanƙwasa gindinta ya ɗaura zaren ɗinkin takalmi mai tsawo. A jelar jirgin ya sa ɗan zoben waya da zai shiga tsakanin kunnuwan, sakata ta ratsa shi. Sannan, kuma nan ne na san fita ne na gaske, ya ɗaura siririyar robar tayar keke tana jan sakatar ciki, don kada karkarwar inji ta zare ta da kanta. Ƙusoshi huɗu 'yan inci shida suka kafe katakon a ƙasa. Ashe Turawa masu wannan wasa suna da irinsa, sunan da suka ba shi ma yana nufin ɗan amshin shata. Baba dai bai taɓa ganin nasu ba.

Da an sallame Asuba nake fita, kafin iskar hunturu ta farka, hazo ya lulluɓe duwatsun gari. In kafa katako, in ja jirgin da ƙarfi in ji ko sakata ta riƙe. In shimfiɗa zaren tuƙi, in shimfiɗa na sakata ta bayansu don kada su sarƙe. In ɗura mai, in maƙala wayar batir a kan inji, in murɗa farfela baya a kan sifirin ɗinta in saki. In ya kama, sai in bi allurar mai a hankali har kukan ya tashi daga gurnani ya zama siriri, in cire batir. Daga nan tafiya, ba gudu ba. Jirgi na can yana fizga kamar ragon layya a turke, ni kuwa ina takawa abina. In ɗauki mariƙi, in gwada sama da ƙasa, in yi bismilla, in fizgi zare da hagu in wurgar da shi baya.

Minti biyu zuwa uku ne duka. Inji ya yi tari ya mutu, jirgi ya sulalo shiru, ni kuma jiri ya zaunar da ni. Sakatar Baba ba ta taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Sai dai ranar da na fara saukar da shi a kan tayoyinsa bai kifa ba, na waiwaya da "Ka gani?" a bakina, katako na tarar da ƙusoshi huɗu. Can nesa jirgin kaya yana busa zai fita tasha.

Mai ne ya raba mu. Gwangwani biyu Kawu ya kawo, haɗin metanol da man zurma da wani sinadari, abin da ko a kantin magani na Minna ba a san shi ba. Na gwada fetur, na gwada kananzir, inji ko atishawa bai yi ba. Jirgin ya hau kan kwaba ya yi ta shan ƙura har ya ɓace a wani tashin gida.

Katakon kuwa Inna ta gano nata ne, murfin akwatin gawayinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka buga shi a ƙofar akurki, ta ratsa zaren ta taga, kullum da safe daga kan gadonta take sakin kaji.